Tafin Ƙafata Da Gurbina A Bayan Liman

Na sha wahala da ƙafar nan, irin wahalar da ban sha ba tun da na zo ƙasar nan. Na yi wanke-wanke a gidan abinci, na kwana a mota lokacin da ba ni da ɗaki, an taɓa cire mini haƙori biyu rana ɗaya, duk ban ji abin da na ji a tafin ƙafata ta hagu ba. Abin haushin kuma, in ka duba ƙafar ba ka ganin komai. Ba kumburi, ba rauni, ba jini. Mutum ya tambaye ka me ke damunka, ka nuna masa, ya dube ka kamar mai neman dalilin ƙin aiki.

Ni ba marubuci ba ne. Firamare na yi a Funtuwa, sai allo. Na zauna rubuta wannan ne saboda 'yan'uwana direbobi da ke yankin nan, don na san akwai masu ɗingishi da safe suna ɓoyewa.

Sunana Hamisu, amma a Wheaton Ladan ake ce mini. Muna da ɗan masallaci a ƙarƙashin wani gini, sai ka sauka matakala kafin ka shiga. Akwai 'yan Najeriya, akwai 'yan Nijar, 'yan Gana kuma su suka fi yawa. Shekaru da dama ni ke buɗe shi da asuba, ni ke kiran Asuba da Magariba da Isha'i da Juma'a, in tada iƙama, in tsaya daidai bayan liman. A waje ni direban motar haya ne, fasinja ya shiga ya fita bai ko kalli fuskata ba. Can ƙasa kuwa in na makara sai waya ta yi ƙara. Gurbin nan na bayan liman shi ne abin da nake da shi a Amurka, kuma shi ƙafar nan ta tasa a gaba.

Abin ya fara ne ranar da muka taya wani ɗan'uwa kwashe kaya zuwa sabon gidansa a Germantown. Hawa na uku ne, ba lif. Ni da na shekara goma sha ina zaune a mota, tumbi ya fito, sai ga ni da firij a kafaɗa ina hawa da sauka tun hantsi har la'asar. Na dawo gida lafiya lau. Da asuba na sauko da ƙafa daga gado, na taka, sai na ji kamar an kafa mini ƙusa a dunduniya ta fito ta tsakiyar tafi. Na koma na zauna. Na duba ƙasa ko wani abu na taka, ba komai sai kafet.

Matata, Maman Safiya, ta ce, "Gajiyar jiya ce, Malam. Kai ma ka san ba yaro ba ne kai."

Na yarda da ita, don bayan na ɗan zagaya ɗaki abin ya lafa. Haka ciwon yake, mayaudari ne. Takun farko da safe shi ne azaba, in jiki ya ɗumama sai ya yi kamar ya tafi. In na daɗe a mota na fito, ya dawo sabo fil. Makon farko da na biyu haka na yi ta lallaɓawa, ina shan maganin ciwon jiki na kanti, ina sauka matakalar masallaci a karkace kamar kaguwa.

Sai wata Juma'a. Masallaci ya cika har bakin takalma. Mun yi sujada ta biyu a raka'ar farko, liman ya yi kabbara, na kafa yatsu zan miƙe. Ƙafar ta ƙi. Zafin ma ba shi ne ba, ƙarfin ne babu, kamar ka taka totur mota ba ta amsa ba. Na tafi gefe na faɗa kan Alhaji Issah, wani ɗan Kumasi mai aikin kula da tsofaffi, abokina ne, kullum yana damana a sahu. Shi ya riƙe ni da hannu ɗaya har aka sallame.

Bayan salla liman ya kira ni. Dattijo ne ɗan Maraɗi, ba ya ɗaga murya.

"Malam Ladan, addini ba ya son takura. A kawo maka kujera."

Na ce, "Allah gafarta Malam, kujera a bayanka? Ta raba sahu fa."

Ya ce, "A'a, can jikin bango, wajen dattawa. Ka kira salla, ka tada iƙama, ka koma can. Alhaji Issah ya riƙe maka gurbin kafin ka warke."

Alhaji Issah ya dafa ni, ya kira ni Massa, yadda 'yan Gana ke kiran aboki. "Massa, kada ka damu. Riƙo ne kawai. Yau ma zan zo gida in duba ƙafar, targaɗe ne wannan, na san shi."

Ya kuwa zo, Allah ya saka masa. Ya zo da wani man zafi da aka kawo masa daga Kumasi, wanda in ka buɗe kwalbar har maƙwabta sai sun yi atishawa. Ya sa Maman Safiya ta tafasa ruwa, ya tsoma tawul yana gasa mini tafin, yana jan yatsun ɗaya bayan ɗaya har su yi ƙas. Ina ihu yana dariya.

"Ladan guda kana kuka kamar amarya? Kawo ɗayan yatsan."

"Alhaji, ƙafa ce fa, ba kazar da za ka fige ba ce."

"Zafin nan shi ne maganin, Massa."

Mako guda yana zuwa bayan aiki. Abin da na samu shi ne bororon ƙuna a gefen dunduniya, ga kuma ciwon yana nan inda yake.

Daga nan kowa ya zama likita. Yayata, Yaya Abu, ta kira daga Funtuwa ta ce ba shakka wani abu na tsallaka, tunda gidan da muka kai kayan ban san wanda ya tashi daga ciki ba. Ta ce za ta aiko da rubutu da garin magani in an sami mai zuwa. Wani ɗan Nijar a masallaci ya ce sanyin ƙasar nan ne ya shige ni, in daina taka tayil. Wani ya ce basir ne ya sauka ƙafa. Maman Safiya kuwa ta je ta sayo mini takalmi mai tudun soso, ta ƙara sayo wani abu mai laushi da ake shimfiɗawa a ciki, ta hana ni taka ƙasa ko a cikin ɗaki. Daga gado sai takalmi, daga takalmi sai mota, daga mota sai kujerar masallaci. Kowa tausayina yake ji. Ƙafar nan ta koma kamar baƙuwa a gidan, ba a barin ta ta yi komai.

Asibiti kuwa, hmm. Irin inshorar da mu direbobi muke saye da kanmu, sai ka fara ganin likitanka, shi ya tura ka wajen na ƙafa, na ƙafar kuma a ce ba shi da gurbi sai wata mai zuwa. Na jira. Ranar ta zo na bar aiki, na je na zauna a ɗakin jira har safiyar ta ƙare, ina kallon talabijin da ba murya. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan ya shigo, saurayi ne mai fara'a, ya danna dunduniyar da babban yatsansa na zabura. Ya ce ƙashi lafiya lau. Ya faɗi sunan ciwon, filanta fashiyaitis, sai da na sa ya maimaita sau uku. Ya miƙo mini takarda mai zanen ƙafafu, ya ce in riƙa yin abin da ke jiki, ya nufi ƙofa.

Na ce masa da guntun Turancina, allura fa? Magani fa?

Ya ce a fara da wannan tukuna.

Na fito raina a ɓace. Wata guda ina jira, na bar aikin yini, ga bil zai biyo ni gida, a sallame ni da zane kamar ɗan makarantar naziri? A zanen akwai ƙafa tana tattara tawul da yatsu. Ba wanda ya gaya mini dalili. Mu dai yadda muka tashi, in ka je asibiti ba a yi maka allura ba, to ba a duba ka ba. Na jefa takardar a aljihun mota.

Na koma bayan wasu makonni na nace, ya yi mini allurar a dunduniya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Kwana kaɗan ciwon ya ɗauke kamar an zare ƙusar. Na je na gaya wa liman na warke, na tsaya a gurbina Magariba da Isha'i, na dage da aiki don in cike giɓin da na yi. Ba a rufa wata biyu ba ya dawo, ya dawo da fushi. Wannan karon likita ya sa mini wani ƙaton takalmin roba mai maɗauri har ƙwauri, kamar na ɗan sama jannati. Da shi ba na iya sauka matakalar masallaci sai an riƙe ni, in na sauka kuma sai na kwance shi a bakin ƙofa mutane na jira a bayana. Asuba na fara makara. Sau biyu jama'a suka tsaya a waje cikin sanyi ba a buɗe ba. Sai kiran sallar ma ya koma wajen Alhaji Issah gaba ɗaya.

Ban san yana da murya haka ba. Ina zaune jikin bango tsakanin tsofaffi biyu, ɗaya na gyangyaɗi, ina jin yana ja yana lanƙwasawa, 'yan Gana suna gyaɗa kai. Bayan salla wani ya ce masa, "Alhaji, yau ka tuna mini Zangon Kumasi." Ni kuwa a wuce ni a ce, "Sannu Ladan, ya ƙafa?" Na tsani tambayar nan.

Azumi ya rage kamar wata uku liman ya zaunar da ni.

"Malam Hamisu," ya ce. Na lura bai ce Ladan ba. "Ramadan na tafe, jama'a za su yi yawa. Wanda ke bayana dole ya zama mai iya tsayuwa, ko da wani abu ya same ni ya shige gaba. In Allah ya sa kafin azumi ka bar kujera, ka yi salla a ƙasa ka tashi da kanka, gurbinka ne. In ba haka ba, sai mu bar Alhaji."

Na ce, "Na ji, Allah gafarta Malam." Me zan ce?

Maman Safiya ce ta samo Madam Rifkatu. Matata tana aiki a gidan kula da tsofaffi a Bowie, ita kuma Madam tana zuwa can tana koya wa waɗanda suka faɗi ko suka shanye tafiya. Kirista ce 'yar Filato, tana da wurin aikinta a nan Bowie ɗin. Na ce ni mace ba za ta riƙe mini ƙafa ba. Maman Safiya ta ce, "Alhaji Issah namiji ne, ka ga abin da ya yi maka. Ni zan raka ka." Sai da aka yi mako biyu ana waya da 'yan inshora kafin su yarda, kuma suka ce zuwa kaɗan za su biya.

Muna shiga ta gaishe ni da Hausarta ta Jos. "Baba, sannu da jiki. Cire takalmi da safa mu gani."

Ta ga tabon ƙunar. Ta dubi Maman Safiya, ta dube ni.

"Wa ya dafa maka ƙafa?"

"Gashi ne aka yi."

"Kana da suga?"

Na ce an gwada, babu.

"Ka gode wa Allah. Da kana da shi, da yanzu wata magana muke yi, ba wannan ba. Kada a sake."

Ta sa na zauna na ɗora tafin a ƙasa. Ta ce in ɗaga babban yatsa shi kaɗai, sauran huɗun su zauna. Na ce wannan ai wasa ne. Na gwada. Wallahi ko motsi bai yi ba. Na zuba masa ido, na yi yunƙuri har da cije leɓe, duk biyar ɗin suka tashi tare kamar an ɗinke su. Ta ce to in ware su, in buɗe tsakaninsu kamar yadda ake buɗe yatsun hannu. Nan ma shiru. Ƙafata ce, ina ba ta umarni, ba ta ji. Maman Safiya ta juya kai tana dariya ƙasa-ƙasa.

Madam ta ɗauko wata ƙafar roba daga kan tebur, irin wadda ake ɓarewa. Ni duk zatona ƙafa ƙashi ce da jijiya da fata, kamar ƙafar saniya da muke farfesu da ita, ba wani nama. Ta cire fatar tafin, sai ga wata farar jijiya mai faɗi, ta taso daga dunduniya ta baje zuwa yatsu.

"Wannan ne yake maka zafi, Baba, nan inda ya kama dunduniya. Amma duba abin da yake ciki."

Ta cire ta. Sai ga jan nama siri-siri a jere. Ta cire wannan, ga wani a ƙarƙashi. Ta sake cirewa, ga wani. Hawa huɗu, a tafin nan da bai fi faɗin hannu ba. Ta ce waɗannan ƙananan tsokoki ne, a cikin ƙafar suka fara, a cikinta suka ƙare, ba kamar manyan da ke sharaɓa ba masu aiko da dogayen jijiyoyi ta idon sawu. Ta nuna mini ɗaya a gefen ciki, doguwa, daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta ce ita ke jan yatsan waje, tana kuma taimakawa wajen riƙe kwarmin tafin kada ya baje. Ta nuna ta tsakiya mai lanƙwasa yatsu huɗu. Ta nuna wasu 'yan mitsi-mitsi can tsakanin ƙasusuwa, masu ware yatsu da haɗe su.

Na ce, "To duk me suke yi? Ni ba da yatsun ƙafa nake cin tuwo ba."

"In ka taka ƙasa, ƙafa yana laushi, yana bajewa don ya karɓi nauyi. In za ka ɗaga dunduniya ka tura gaba, dole ya ƙame ya yi tauri. Ƙananan nan suna cikin masu ƙamar da shi. In sun yi rauni, sai aikin ya yi wa farin jijiyan nan yawa. Ga tumbi," ta nuna cikina ba ko kunya, "ga agara ya ɗaure saboda zaman mota, ka zo ka ɗauki firij."

"Sun mutu ke nan?"

"Ba su mutu ba, barci suke yi. Shekara nawa suna cikin takalmi ba aiki? Da ciwo ya zo kuma aka ƙara musu katifa."

Sai ta tambaye ni abin da nake so in iya yi wanda ba na iyawa. Na ce salla. Ta ce ta tashi cikin Musulmi amma in nuna mata daidai inda abin yake ƙi. Na durƙusa a kan tabarmar robarta, na kafa yatsu kamar mai sujada, na yi yunƙurin tashi. Ta tsugunna tana kallon ƙafar.

"Tun yaushe ka daina wannan?"

Na ce tun da aka ba ni kujera, in ban da ɗan lokacin da allura ta yi aiki.

"To ka gani. Wannan lanƙwasa yatsun da kake yi sau da yawa kullum, shi kaɗai ne aikin da ya rage musu. Hutun kwana kaɗan da farko daidai ne. Amma wata da watanni? An ɗauke musu na ƙarshen."

Raina ya ɓaci ƙwarai a wurin. Kowa da ya taimake ni da zuciya ɗaya ya yi, liman da kujerarsa, matata da takalminta, amma duk sun taru sun kwantar da abin da ya kamata a tasa. Likitan nan kuma, da ya ɓata ɗan lokaci ya buɗe mini ƙafar roba irin wannan, da takardarsa ba ta kwana a aljihun mota ba.

Na ce to gobe zan koma salla a ƙasa. Ta ce in na yi haka in nemi wata, ba ita ba. Sannu a hankali za a bi.

Aikin da ta ba ni, in ka gan ni ina yi sai ka ce na taɓu. Kafin in sauko daga gado in kama yatsun in ja su baya, in miƙe agara da tawul. In zauna in tattara tawul da yatsu. In ɗora tafi a ƙasa in jawo gaban ƙafar wajen dunduniya ba tare da na naɗe yatsu ba, har kwarmin ya ɗago. Wannan na ƙarshen na yi mako biyu ban gane shi ba, sai dai tafin ya ɗaure mini in yi ta salati. Daga baya ta ƙara da tsayuwa da ƙafa ɗaya, da ɗaga dunduniya a bakin matakala. Takalmin soson ta ce in ci gaba da sawa a waje, amma a ɗaki in riƙa ɗan takawa ba takalmi, kaɗan-kaɗan.

Ba abin da ya canza a makonnin farko. Ina tuƙi daga Wheaton zuwa Bowie cikin cunkoso, in bar fasinja, in biya nawa kason, don a kalle ni ina wasa da tawul. Sau biyu na ce na bari. Maman Safiya ta ce in bari mana, kujerar ai ba ta gaji da ni ba. Saƙon Yaya Abu ya iso, na sha rubutun don albarkar ayar, garin kuma na ajiye. Alhaji Issah ya zo duba ni da kular shinkafa da wake irin tasu, ya same ni ina fama da babban yatsa, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Massa, wannan ne maganin da kake zuwa har Bowie?"

"Shi ne."

"Ni da na yi maka kyauta ka ce na dafa ka."

"Ka dafa ni mana. Kawo abincin."

Ya ci dariya. Ni ban yi ba sosai, don ina kallonsa ina tuna inda yake tsayawa.

Wata rana ina jiran fasinja a bakin tashar jirgin ƙasa, na cire takalmi a mota ina gwadawa, sai babban yatsan ya ɗago shi kaɗai. Kaɗan ne, amma ya ɗago, sauran suna ƙasa. Na yi ta maimaitawa har na bayana ya danna mini hon. Daga lokacin abin ya fara tafiya. Ƙusar safe ta koma kamar tsakuwa. Kuɗin inshora ya ƙare, Madam ta ce sauran aikin nawa ne, ta nuna mini yadda zan fara sujada a gida, nafila tukuna, kusa da kujera don in dafa. Allah ya saka wa matar nan. Ba ta taɓa yi mini ƙarya cewa gobe zan warke ba.

Juma'ar ƙarshe kafin azumi na shiga masallaci na wuce kujera. Ban je bayan liman ba, Alhaji na wurin, na tsaya a ƙarshen sahun farko inda kowa zai gan ni. Aka yi sujada ta biyu, liman ya yi kabbara, na kafa yatsu na tura. Na ji zafi, ba zan ce ban ji ba. Amma na miƙe, ban dafa kowa ba.

Bayan an watse na sami liman a wajen takalma, Alhaji Issah na tsaye gefensa.

"Allah gafarta Malam, ka gani."

"Na gani, Alhamdu lillahi. Allah ya ƙara sauƙi." Ya gyara rawani. "Sai dai 'yan kwamiti sun zauna shekaranjiya. Jama'a sun saba da muryar Alhaji, kuma ka san 'yan Gana su ne masu yawa. An ga a raba. Shi ya riƙe Juma'a da Magariba da Isha'i da asham. Kai ka riƙe Asuba."

"Ba haka muka yi da kai ba, Malam."

"Ba haka muka yi ba. Amma ba ni kaɗai ba ne."

Na juya wajen Alhaji. "Ba cewa ka yi riƙo kake mini ba?"

Ya sunkuyar da kai yana neman takalminsa da ke gabansa. "Massa, wallahi ba ni na nema ba."

"Amma ba ka ƙi ba."

Ya zura takalmin ya haura matakala.

Asuba. Lokacin da ba mai zuwa sai tsofaffin da barci ya ƙaurace wa, lokacin da kuma ƙafar ta fi ciwo. Da na san tawul ɗin nan tun watan farko, da ba a kai ga jin muryar kowa ba. Shi ya sa nake gaya muku, in kun ji ƙusar nan da safe, kada ku bari a gasa ku, kada ku kwantar da ƙafar wata da watanni, kuma in likita ya ba ku zane ku riƙe shi sai ya gaya muku dalili. Ku cire safa yau ku gwada ɗaga babban yatsa shi kaɗai.

Na koma gida na ce wa Maman Safiya na bar musu masallacin, akwai wani a Silver Spring, can zan riƙa zuwa. Tana yanka albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To, Allah ya kiyaye hanya. Can ɗin wa zai ce maka Ladan?"

Na shige ɗaki ban ci abincin ba.

Washegari na farka tun kafin lokaci. Na zauna bakin gado na ja yatsun baya, na motsa su har suka amsa, sannan na taka. Na yi alwala, na tada mota, na tafi Wheaton. Na sauka matakalar a miƙe, na buɗe, na kunna fitila, na kira salla. Mutum uku suka zo, sai liman. Na tada iƙama na tsaya a bayansa.